Wanzami, Maɗori da Ƙarin da ke Shanye Yatsu: Tarihin Jinyar Hannu a Katuzu da Ƙasar Bade

Jinyar hannu a ƙasar Bade, wato maganin duk abin da ya sami mutum daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, ta daɗe tana wajen masu sana'a biyu, wanzami da maɗori. Wanzami shi ke da fata da jini, maɗori kuwa ƙashi da gaɓa. Akwai wata lalura da ta faɗa tsakaninsu, ba ta zama ta kowa ba: ƙarin da ke tsirowa daga cikin gaɓa, ya danne jijiyar da ke motsa yatsu, har hannu ya daina aiki ba tare da rauni ko karaya ba. Yadda aka zo aka gane wannan lalura, da yadda jinyarta ta bar zaure ta koma ɗakin tiyata, abu ne da ya tafi kafaɗa da kafaɗa da tarihin garuruwan yankin.

Katuzu tsohon mazaunin Badawa ne da ke jikin Gashuwa, a yau kuma ɗaya ne daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Bade a Jihar Yobe. Gashuwa tana bakin kogin Komadugu Yobe, ƙasa da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa. Harshen Bade ɗan'uwan Hausa ne a dangin harsunan Cadi, tare da Ngizim da Duwai, kuma karin da ake yi a Katuzu shi ne wanda masana suka sa wa sunan karin Gashuwa. A farkon rabin ƙarni na 19 Lawan Babuje ya haɗa kan Badawa a birnin Gogaram mai ganuwa, nan ne fadar Mai Bade ta zauna har shekarar 1946, lokacin da aka mayar da ita Gashuwa. Nguru, wadda ke yamma, tsohon mazaunin Galadiman Borno ne. Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausawa suna ratsa wannan ƙasa da kanwa da gishirin Manga, wasunsu suka zauna, har aka sami unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa. Da Hausawa da Barebari da Badawa da Fulani duk sun zuba nasu a cikin al'adar magani ta yankin, amma sunayen da aka fi ji a kasuwa a yau na Hausa ne.

Ƙasar fadama ce, kuma kusan duk abincinta daga hannu yake fitowa. Masunci yana jan koma, yana ɗinke ta in ta yage. Manomi yana dashen shinkafa a lokacin ambaliya, in ruwa ya janye ya koma lambu. Mata suna daka, suna saƙar tabarma da faifai da kaba, suna tatsar nono a rugage. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana buƙatar yatsu su buɗe su rufe sau ba adadi a yini. Mutumin da yatsunsa suka ƙi miƙewa ba ya kwance, yana ci yana sha yana zuwa masallaci, amma jarinsa ya karye. Wannan shi ya sa lalurar da likita zai kira ƙarama take da nauyi a irin wannan wuri.

A tsarin gargajiya na ƙasar Hausa da maƙwabtanta, magani rabe yake bisa sana'a, kuma ana gadonsa tare da ita. Maƙeri, da yake shi ke wasa da wuta, shi ke da maganin ƙuna. Masunci shi ake kira in ƙayar kifi ta maƙale a wuya, shi ne kuma ake nema don cututtukan da ake dangantawa da ruwa da sanyi. Maharbi yana da maganin dafi da na abin da ya shafi daji. Ungozoma tana da haihuwa, malami yana da rubutu da tofi. Hikimar wannan rabo a fili take: wanda ya fi kowa gamuwa da wani irin rauni shi ya fi kowa ganin yadda yake warkewa. Raunin rabon kuma shi ne cewa cutar da ba ta fito daga wata sana'a ba, kuma ido ba ya ganin tushenta, ba ta da mai ita.

Wanzanci ya fi sauran faɗi. Wanzami ba mai aski kaɗai ba ne, shi ne likitan fiɗa na unguwa. A zabirarsa akwai askar aski, da 'yar tsaga, da ƙaho, da hantsaki. Shi ke askin suna, ya cire beli, ya yi wa yara maza kaciya, galibi a lokacin sanyi, ya yi tsagar gado ga gidan da ke da ita. Kowane gida da wanzaminsa, ɗa ya gaji ubansa a kan gidajen da uban yake yi wa aiki, kuma ladan ba kuɗin hannu kaɗai ba ne, akwai rabonsa a naman suna da damin hatsi in kaka ta yi. A manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Aska, wanda ke shugabantar masu sana'ar. Tushen jinyar wanzami shi ne cewa ciwo da nauyin jiki suna zuwa ne daga mataccen jini da ya taru a wuri guda, sai a fitar da shi. Yana kafa ƙaho ya zuƙe iska har fata ta tasa, ya cire ya yi 'yan tsage-tsage, ya mayar ya ja jinin. Ƙaho yana da gindin zama a addini, domin ya zo a hadisai, don haka bai taɓa rasa masu nema ba. In kumburi ne mai ruwa a ciki, akwai tsaga, akwai kuma sakiya, wadda ake huda wurin da ƙarfe mai zafi don mugunya ta fita. A kan maruru da ya nuna, wannan aiki yana da ma'ana, kuma likitan zamani ma fasawa yake yi.

Ɗori shi ma gado ne, kuma masu shi sun fi wanzamai riƙe sirri. Maɗori yana rarrabe karaya da tsagewar ƙashi da gocewa da targaɗe ta hanyar lalube da yatsunsa. Yana jan gaɓa ya daidaita, ya shafa man shanu ko wani haɗi na gidansu, ya jera karare ko 'yan sanduna, ya ɗaure da tsumma, yana tofi. A wasu gidaje ana karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da ta majinyaci, ana duba warkewar kazar a matsayin alama. Maɗori ya san wani irin shanyewar hannu sarai: wanda ke biyo bayan karayar ƙashin da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, inda wuyan hannu yake langaɓewa gaba ɗaya. Ya kuma ga yadda sau da yawa yake dawowa da kansa bayan 'yan watanni. Wannan gani na gaskiya ne, amma shi ne kuma ke sa a ce wa duk mai shanyayyen hannu ya yi haƙuri ya jira, har da wanda jira zai cutar.

Ƙarin da ake magana a kai, wanda likitoci ke kira gangiliyon, ba maruru ba ne, ba kuma daji ba ne. Kowace gaɓa tana cikin wata jaka mai ruwa mai yauƙi, wanda ke hana ƙasusuwa gogar juna. Wani lokaci ruwan yana samun kafa a jikin jakar, ya fita ya taru a gefe, ya yi tasa 'yar jakar mai siririn wuya da ke haɗe da gaɓar. Wuyan yana barin ruwa ya shiga amma ba ya barinsa ya koma da sauƙi, don haka abin da ke ciki yana kauri, ya zama fari garau mai danƙo kamar ƙaron da aka jiƙa. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na irin wannan ƙari a bayan wuyan hannu suke fitowa. Ya fi samun mata, ya fi kuma yawa tsakanin shekara 20 da 40. Yana girma in an yi aiki da hannun, ya ragu in an huta, kuma kusan rabinsu suna ɓacewa da kansu. In aka kafa masa tocila a cikin duhu, haske yana ratsa shi, abin da ba ya faruwa da ƙarin nama. Likitoci ba su tsayar da dalili guda na fitowarsa ba. Wani yana biyo bayan rauni ko amosanin gaɓa, wani kuwa haka kawai.

Wanda ya fito a bayan wuyan hannu kowa yana ganinsa, kuma yawanci ba ya cutarwa. Matsalar tana ga wanda ya tsiro ciki, a wurin da jijiya ke ratsa matsattsiyar hanya. Jijiyar da ake nufi a nan ba ta jini ba ce, ba kuma igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ba ce. Jijiyar laka ce, mai kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, ta kuma komo da labarin zafi da taɓi. Manya uku ne ke saukowa cikin damtse, wato tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Radiyal ita ke miƙe wuyan hannu da yatsu. Midiyan ita ke da yawancin dunƙulewa da jin babban yatsa da na kusa da shi. Alna ita ce wadda in mutum ya buge gwiwar hannu yake jin tartsatsi har ƙaramin yatsa, kuma ita ke sarrafa ƙananan tsokokin tafin hannu.

Radiyal tana rabuwa biyu a gaban gwiwar hannu. Reshe ɗaya yana bin sama ya kai ji ga bayan hannu. Ɗayan yana nutsewa ƙarƙashin wata tauraruwar baka ta tsoka, daidai kan gaɓar da ke juya damtse, ya zagaya baya ya ciyar da tsokokin da ke miƙe yatsu. A nan ne ƙari, ko da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yake tasowa daga gaɓar ya tura jijiyar ya matse ta da bakin bakar. Abin yakan fara da ciwo mai zurfi a gefen gwiwar hannu na waje, sannan cikin kwanaki ko makonni yatsu su fara sauka. Majinyaci yana iya dunƙule hannu, amma ba ya iya buɗe shi. In ya ɗora tafinsa a kan tabarma ba ya iya ɗaga yatsunsa sama, babban yatsa ma ba ya buɗewa gefe. Wuyan hannu kuwa yana ɗagawa, sai dai yana karkata wajen babban yatsa. Abin da ya fi rikita mutane shi ne babu mutuwar fata ko kaɗan, domin reshen ji bai taɓu ba. Babu kumburin da ake gani, babu rauni, babu zazzaɓi.

Alna kuma tana da nata matsatsin a gindin tafin hannu, ta wajen ƙaramin yatsa, kuma ƙarin gaɓa yana cikin manyan abubuwan da ke danne ta a wurin. A nan alamar daban ce: naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni yana zubewa ya bar rami, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna ƙanƙamewa, riƙon allura ko makulli ya gagara. In reshen ciki kaɗai aka danne, nan ma jin fata yana nan daram. Midiyan ma ƙari yana iya matse ta a wuyan hannu, ya kawo dindiris da ke tada mutum daga barci, ko da yake hakan bai kai sauran yawa ba.

Ga mai kallo da idon gargajiya, hannun da ya mutu ba dalili yana da fassara a shirye. Ana iya cewa sanyi ne ya shiga gaɓa, musamman ga mai aikin ruwa. Ana iya cewa iska ce ta taɓa shi, ko sammu ne, ko somin shanyewar ɓarin jiki. Kowace fassara tana da ƙofar da take kai mutum: ƙaho, turare, rubutu, tausa. Amma wadda ta fi kowace ban tsoro ita ce kuturta, kuma tsoron yana da tushe. Ƙwayar kuturta tana kama jijiyoyin laka ne, kuma alna a gwiwar hannu tana cikin waɗanda ta fi kamawa, ta bar yatsu a ƙanƙame daidai irin yadda ƙari zai bar su. A zamanin da kuturta ta yi yawa a Arewa, ƙanƙamammen yatsa yana iya raba aure ko ya hana shi. Bambancin yana nan ga mai dubawa da kyau: kuturta tana zuwa da tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, jijiyar tana kauri har a ji ta da yatsa, kuma sau da yawa ba wuri ɗaya take tsayawa ba. Duk da haka, wanda ke tsoron a kira shi kuturu ɓoye hannunsa yake yi a cikin riga, kuma ɓoyon yana cin watannin da suka fi kowane tsada.

Sauran duniya ma ta daɗe tana lalube. Likitocin Girka tun zamanin Hippocrates sun san ƙullutun wuyan hannu. Bulus na Aegina, a ƙarni na 7, ya ba da shawarar a ɗaure masa faifan dalma don ya matse shi, ya kuma hana yanka wanda ke kan gaɓa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe juzu'i na 30 na littafinsa At-Tasrif ga fiɗa, kuma shi ma ya yi gargaɗin kada a sa wa irin wannan ƙullutu ƙarfe in yana kan gaɓa, don gudun nakasa. A Ingila har cikin ƙarni na 20 ana buga shi da littafi mai nauyi don ya fashe a ciki, al'adar da likitoci suka hana saboda tana iya karya ƙashi, kuma ƙarin yana dawowa. Sanin hanyoyin jijiya daki-daki ya zo ne daga baya. Félix Guyon na Faransa ya bayyana matsatsin alna a tafin hannu a 1861. Fritz Frohse na Jamus ya bayyana bakar da reshen radiyal ke shiga ƙarƙashinta a 1908, kuma har yau da sunansa ake kiranta. A 1943 Herbert Seddon na Ingila ya kasa raunin jijiya gida uku, daga wanda saƙo kawai ya tsaya, zuwa wanda zaren ciki ya mutu amma kuben yana nan, zuwa wanda ya tsinke gaba ɗaya. Shi ne kuma a 1952 ya wallafa bayanin majinyatan da ƙarin wuyan hannu ya shanye musu reshen alna na ciki. A 1966 likitoci biyu, Bowen da Stone, suka ba da rahoton ƙarin gwiwar hannu da ya sauke yatsu. Ke nan ko a manyan asibitocin Turai, wannan ilimi bai daɗe ba, kuma babu adalci a zargi wanzamin Katuzu na wancan zamani da rashin sanin abin da likitan Landan bai gama ganewa ba.

Maganin asibiti ya shigo yankin ne ta hanyar kasuwanci da mulki. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu, ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika shi. Hukumomin En'e suka buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a manyan garuruwa, inda malamin asibiti yake wanke gyambo, ya yi allura, ya ba da maganin zazzaɓi. Waɗannan ba su ƙwace wa wanzami da maɗori aiki ba, domin ba su da abin da za su yi wa shanyayyen hannu. Abin da ya fara jawo hankalin ma'aikatan lafiya ga jijiyoyin hannu shi ne yaƙi da kuturta. Mishan ta buɗe zangon kutare a Garkida a 1929, akwai kuma na Molai kusa da Maiduguri, sannan a shekarun 1950 aka baza ƙwayar dafson a ɗakunan shan magani na ƙauyukan Arewa. Ma'aikatan wannan shiri su ne na farko a karkara da aka koya wa lalubar jijiyar alna da gwada jin fata da auduga. A daidai wannan zamani Paul Brand, a Vellore ta Indiya, yana gyara ƙanƙamammun yatsun kutare ta hanyar ɗauko igiyar tsoka mai rai ya dasa ta a madadin wadda ta mutu, dabarar da har yau ake komawa gare ta in jijiya ta ƙi farfaɗowa.

Asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi ne ya zama wurin da ake tura manyan matsalolin ƙashi da gaɓa daga duk Arewa, kuma ga mutumin Gashuwa a wancan lokaci hanyar ita ce mota zuwa Nguru, jirgin ƙasa zuwa Kano. Amma hoton ƙashi ba ya nuna ƙarin ruwa. Majinyaci yana iya yin wannan doguwar tafiya a ɗauki hoto a ce ƙashinsa lafiya lau, kuma gaskiya aka faɗa masa. An ƙaddamar da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 1983. Bayan da aka ƙirƙiri Jihar Yobe a 1991, yankin ya sami Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, daga baya kuma asibitin koyarwa na jiha a Damaturu, ban da asibitin gwamnati da ke Gashuwa. Sauyin da ya fi taɓa wannan lalura kai tsaye bai zo da babban gini ba. Na'urar sikanin ce, wadda mata suka sani ta wajen awon ciki. In aka sami kan na'urar da ya dace da mai aikin da ya ƙware, tana nuna ƙarin a matsayin baƙin ƙwallo mai ruwa, ta nuna jijiyar da ya tura gefe, ba yanka ba allura. Hoton MRI ya fi ta fayyacewa, gwajin gudun saƙo a jijiya kuma yana nuna daidai inda ya tsaya, sai dai waɗannan biyun a manyan birane ake samunsu, kuma da tsada.

Jinyar zamani ta rabu bisa ga ko jijiya ta taɓu. Ƙarin da ke bayan wuyan hannu, ba ciwo ba rauni, ana barinsa ne, a faɗa wa mai shi ba daji ba ne. Ana iya zuƙe shi da sirinji, amma fiye da rabi suna dawowa, tunda wuyan da ke ciyar da shi yana nan. In kuwa yatsu sun fara sauka ko nama ya fara zubewa, tiyata ce magani: a buɗe, a ware jijiyar a hankali, a yanke bakar da ta matse ta, a cire ƙarin har gindinsa a jikin gaɓa. In saƙo ne kawai ya tsaya, yatsu suna dawowa cikin makonni. In zaren ciki ya mutu, sai ya sake tsirowa, kuma yana tafiyar kimanin milimita 1 a rana, don haka ana maganar watanni, ana sa takalmin hannu mai riƙe yatsu a miƙe, ana motsa gaɓoɓi kullum kada su daskare. Iyakar da ba ta ɗaguwa ita ce ta tsoka: in ta yi shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi ba saƙon jijiya, mahaɗarsu tana lalacewa, ko jijiyar ta iso daga baya ba za ta tashe ta ba. Daga nan sai dashen igiyar tsoka, wanda yake aiki, amma ba ya mayar da hannu yadda Allah ya halicce shi.

A kan wannan ma'auni ne ya kamata a auna ayyukan gargajiya, kuma ba duka ne suke da nauyi ɗaya ba. Tofi da shafa mai ba sa cutar da jijiya, illarsu ita ce lokacin da suke ci. Ƙaho a kan damtse ba ya kaiwa inda ƙarin yake. Tsaga da sakiya su ne masu haɗari na gaske, domin ƙarin a haɗe yake da cikin gaɓa, kuma ƙarfen da ya huda shi ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa can; gaɓar da ta yi mugunya tana iya daskarewa har abada. Wanda ya fito ta cikin wuyan hannu kuma yana kwance ne a jikin jijiyar jinin da ake jin bugun zuciya a kanta. Matsattsen ɗauri yana da tasa illar. Damtse wuri ne da tsokoki suke cikin rufaffen kube, in aka ɗaure shi tamau a kan kumburi jini yana yankewa, tsoka ta mutu, hannu ya ƙanƙame, abin da Richard von Volkmann na Jamus ya bayyana a 1881. Likitocin ƙashi a Najeriya sun yi rubuce-rubuce masu yawa kan yaran da aka yanke wa hannu sanadiyyar irin wannan ɗauri. Ƙwararren maɗori yana sassauta ɗauri in yatsu sun yi sanyi ko sun sauya launi, kuma wannan sani ne da ya cancanci a girmama. Asarar ta fi zuwa daga wanda ya shiga sana'ar da rana tsaka.

Sana'o'in biyu ba su tsufa iri ɗaya ba. Wanzanci ya ragu ta kowane gefe. Shagon aski mai inji ya ɗauke samari, asibiti ya ɗauki wani kaso na kaciya, tsagar gado ta kusa ƙarewa a birane, ma'aikatan lafiya kuma suna hana cire beli. Tun da aka ba da rahoton cutar ƙanjamau a Najeriya a 1986, ga kuma ciwon hanta da ke bin jini, aska guda ga mutane da yawa ta zama abin gudu, wanzamai da dama suka koma sabuwar reza ga kowane mutum. Abin da ya rage musu da ƙarfi shi ne askin suna da ƙaho. Ɗori kuwa bai ja baya ba, babura ma sun ƙara masa kasuwa. Maɗori yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, yana magana da harshen majinyaci, kuma mutane da yawa suna tsoron cewa asibitin ƙashi wurin yanke gaɓa ne. Saboda haka har yau shi ne mutum na farko da yake taɓa yawancin hannuwan da suka sami matsala a ƙauyukan fadama.

Taron Alma-Ata na 1978 ya amince a jawo masu maganin gargajiya cikin kiwon lafiya na matakin farko, Najeriya kuma ta fitar da manufarta ta maganin gargajiya a 2007. A kan wannan lalura, abin da haɗin gwiwar ke buƙata daga wanzami da maɗori gwaji ne da ba ya cin ko kwabo. A ɗora tafin majinyaci a shimfiɗe a ce ya ɗaga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a ce ya ware su ya haɗe, a ba shi takarda ya riƙe tsakanin babban yatsa da manuni a ja, a kwatanta naman hannun da na ɗayan. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, alhali babu karaya babu rauni, wurin zuwa shi ne asibitin Gashuwa ko na Nguru a cikin makonnin farko, daga can kuma a tura shi Dala, Maiduguri ko Damaturu in tiyatar ta fi ƙarfin wurin.